91 Ko 95? Amsar Tana Jikin Murfin Tankin Motarka

A bayan 'yar ƙofar da ke rufe bakin tankin motoci da yawa akwai wata ƙaramar takarda da kamfanin da ya ƙera motar ya liƙa. Mutum sai ya shekara goma yana buɗe wa mai zuba mai wannan ƙofa, bai taɓa sunkuyawa ya karanta abin da ke jikinta ba. Alhali a nan aka rubuta irin fetur ɗin da aka gina injin a kansa, wani lokaci da lamba kamar 87 ko 91 ko 95, wani lokaci da kalma ɗaya tak. In takardar ta ɓare, bayanin yana cikin littafin motar, a shafin da ya yi maganar mai.

Matsayina a kan wannan batu a fili yake. Lambar nan ita ce alƙali. Wanda ya sayi fetur mai lamba sama da ita ya zubar da kuɗinsa a banza, wanda kuma ya ɗore a kan mai lamba ƙasa da ita yana cin injinsa sannu a hankali. Sannan a Najeriya, inda a yawancin gidajen mai fetur iri ɗaya ne ake sayarwa kuma ba a rubuta lambarsa a jikin famfo, akwai haƙƙin masu mota a wuyan hukuma da har yanzu ba a sauke ba.

Kafin a je can sai an san abin da lambar ke aunawa, don a nan ne kuskuren ya samo asali. Mutane da yawa sun ɗauka wannan lamba, wadda ake kira lambar okten, tana nuna ƙarfin mai ko tsabtarsa, wato 95 ya fi 91 "zafi". Ba haka ba ne. Tana nuna iya matsin da fetur zai jure kafin ya kama da wuta da kansa. A cikin silinda, fistin yakan taso ya matse iska da tururin fetur cikin ɗan ƙaramin wuri. A injin da matsinsa yake 10 zuwa 1, abin da ya cika silinda ana tattare shi ne cikin kashi ɗaya bisa goma na wurin. Matsi yana kawo zafi. Gab da fistin ya kai ƙololuwa sai fulogi ya ƙyasta, wuta ta tashi daga bakinsa ta bazu a hankali har bangon silinda, ta tura fistin ƙasa da ƙarfi mai tsari. Haka ake so. Amma idan fetur ɗin ba shi da juriya, ragowar da ke can gefe, wanda wutar fulogi ba ta riga ta isa gare shi ba, sai zafi da matsi su sa ya fashe da kansa gaba ɗaya. Wannan fashewar tana dukan kan fistin da bangon silinda kamar guduma, sau dubbai a daƙiƙa guda. Direba yakan ji ta kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, musamman idan ya taka totur a kan hawa ko ya ɗauki kaya a babbar giya. Zan kira ta ƙwanƙwasa.

A kula, wannan daban take da abin da makanikanmu ke nufi idan sun ce inji ya buga ko ya yi nokin. Wancan yawanci matsalar baƙin mai ce: ya ƙare ko ya lalace, mital ya cinye, karanshaf ya cije. Ƙwanƙwasar da nake magana a kai matsalar ƙonewar fetur ce. Sai dai idan aka bar ta ta daɗe, tana iya kai inji ga wancan ƙarshen, don dukan da take yi har kan mital yake sauka.

Ma'aunin kansa ya kusa shekara ɗari. A shekarun 1920 aka zaɓi sinadarai biyu aka yi su ma'auni: ɗaya mai suna aiso-okten, wanda ke jure matsi sosai, aka ba shi 100, ɗayan mai suna heften, wanda ke fashewa nan da nan, aka ba shi sifiri. Fetur ɗin da ya yi juriya daidai da haɗin kashi 91 na farkon da kashi 9 na biyun, shi ne mai lamba 91. Babu maganar ƙarfi a ciki. Hasali ma sinadarin etanol, wanda lambarsa ta haura 100, ƙarfin da ke cikin litarsa bai kai na fetur ba da kusan kashi ɗaya bisa uku. Ga lamba sama, ga tafiya ƙasa.

Yanzu ga inda mai motar da aka shigo da ita daga waje yake ruɗewa, kuma a ganina shi ne abu mafi muhimmanci a wannan rubutu. Ma'aunin okten ba ɗaya ba ne a duniya. Ana gwada fetur a wani injin gwaji mai silinda ɗaya ta hanya biyu. Gwajin farko, mai suna RON, ana yin sa injin yana juyi 600 a minti. Na biyu, MON, ana yin sa a juyi 900 tare da ƙarin zafi, don haka sakamakonsa yakan yi ƙasa da na farko da lamba takwas zuwa goma. Turai, ƙasashen Larabawa da Afirka suna rubuta RON. Amurka da Kanada kuwa suna haɗa biyun su raba gida biyu, su rubuta tsakiyar. Saboda haka fetur guda ɗaya yana da suna biyu. Wanda Amurka ke kira 87 shi ne wajen 91 zuwa 92 a namu ma'aunin. Nasu 91 shi ne namu 95 ko 96. Nasu 93 kuma yana kusa da 98.

Duba abin da wannan ke haifarwa. Mutum ya sayi Mercedes ko BMW da aka yi wa kasuwar Amurka, ta biyo ta Kwatano ko Legas ta iso Kano. Ya buɗe littafinta ya ga an ce 91. Ya tambaya aka ce masa ai fetur ɗin Najeriya ma 91 ne. Sai hankalinsa ya kwanta, alhali motar 95 take nema a ma'aunin da ake amfani da shi a nan. Shi kuma mai Corolla ko Camry ko Accord 'yar Amurka da ya ga 87 a littafinsa, in ya je ƙasar da ake sayar da 91 da 95, 91 ɗin ya ishe shi. Abin yi shi ne a duba haruffan da ke kusa da lambar. In an rubuta RON, ko ROZ a motocin Jamus, to ma'auninmu ne, a ɗauki lambar yadda take. In an rubuta AKI, wato ma'aunin Amurka, ko aka ga R+M a kan 2, to a ƙara huɗu ko biyar a kan lambar.

Akwai tarko na biyu, na suna. A takardun hukuma fetur ɗin Najeriya sunansa PMS, kuma harafin farko yana nufin "premium". Kalmar nan ita ce Amurkawa ke rubutawa a murfin tankin motocin da ke buƙatar mai babbar lamba. Suna ne ya zo ɗaya kawai. Ƙa'idar Najeriya ta sa 91 a ma'aunin RON a matsayin mafi ƙaranci, wato daidai da matakin ƙasa na Amurka. Wani kayan da aka sauke yana iya fin haka, amma abin da doka ta tilasta ke nan, kuma shi kaɗai mai mota zai iya dogara da shi.

Bari mu ɗauki ɓangaren masu zaɓi tukuna. A Saudiyya akwai 91 mai launin kore da 95 mai launin ja. A Dubai akwai 91 da 95 da 98. A Masar akwai 80 da 92 da 95. A Gana ma ana samun 91 da 95 a gidajen mai da dama. Ɗan'uwanmu da ke tuƙi a Jidda ko Kumasi yakan tsaya gaban famfo biyu, zuciyarsa ta ce masa mai tsadar ya fi, bari ya kyautata wa motarsa. Niyyar mai kyau ce, amma injin da aka tsara a kan 91 ba shi da hanyar cin moriyar ƙarin juriyar. Matsinsa ba zai ƙaru ba, kwamfutarsa kuma ta riga ta kai lokacin ƙyasta fulogi inda aka tsara mata. A 2016 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada motocin da aka yi don 87 da mai babbar lamba, ba ta ga wani ƙarin ƙarfi ko ragin shan mai ko ragin hayaƙi na a zo a gani ba. Ta ƙiyasta cewa direbobin ƙasar sun kashe fiye da dala biliyan biyu a shekara guda kan wannan zato.

Masu kare sayen mai tsada suna da hujja ɗaya da ta cancanci amsa: sukan ce ya fi wanke inji. Gaskiya ne wasu kamfanoni suna zuba ƙarin sinadarin wanke nozul da bawul a man su mai tsada. Amma wankin aikin wancan sinadarin ne, lambar okten ba ta da hannu a ciki. Wanda damuwarsa datti ce, ya nemi gidan mai amintacce mai yawan ciniki, ya canja matatar mai da ta iska a kan lokaci. Wannan ya fi masa amfani da biyan bambancin farashi a kowace lita har ƙarshen rayuwar motar.

Kada kuma a yi hukunci da sunan mota ko tsadarta ko ma yawan matsinta. Lexus ES 350 ta 2007 zuwa 2010 an shawarci a ba ta babbar lamba, amma daga 2011 kamfanin ya mayar da ita kan 87. Camry ta 2018 mai inji lita 2.5 matsinta 13 zuwa 1 ne, wanda a da sai motar tsere, kuma 87 take sha, saboda yadda aka tsara feshin mai da buɗewar bawul. Shekarar ƙira da lambar inji su ne abin dubawa, shi ya sa maganar "ai duk Lexus haka take" ba ta da amfani.

Ɗaya ɓangaren shi ne ya fi damuna, don shi ne halin da dubban masu mota ke ciki a ƙasarmu ba da saninsu ba. Me ke faruwa idan aka ba injin 95 fetur 91?

A tsofaffin motoci masu kafireto da distiribito, irin su Peugeot 504 da 505, amsar tana zuwa kunne kai tsaye: za ka ji ƙwanƙwasar. Maganinta makaniki ya saki ƙusar distiribito ya ja taimin, wato lokacin ƙyasta fulogi, baya kaɗan, digiri biyu ko uku, da fitilar auna taimin, har ƙarar ta ɓace a kan hawa. A motocin zamani kuwa akwai wata 'yar sensa da aka ɗaure a jikin bulok ɗin inji, aikinta sauraro. Da ta ji alamar ƙwanƙwasa sai ta sanar da kwamfutar mota, ita kuma ta jinkirta ƙyastawar fulogi nan take. Ƙarar ta tafi, direba bai ji komai ba, sai ya ce motarsa ta karɓi man lafiya. Amma jinkirin yana da farashi. Wutar da ta tashi a makare ba ta tura fistin da cikakken ƙarfi, don haka mota takan yi nauyi, direba ya ƙara taka totur, shan mai ya ƙaru. Zafin da ya kamata ya zama tafiya kuma sai ya fita ta bawul ɗin hayaƙi zuwa salansa. A injin mai turbo kwamfutar takan rage iskar da turbo ke turawa, ta ƙara feshin mai don ta sanyaya silinda. Kamfanin Mazda ya bayyana wannan a fili game da injinsa mai turbo lita 2.5: ƙarfin doki 250 a kan 93 na Amurka, 227 a kan 87.

Daga nan ne bambancin kalmomi biyu yake da nauyi. Idan murfin ya ce "recommended", shawara ce: motar za ta iya rayuwa da ƙaramar lamba, za ta dai rage kuzari. Haka motocin Jamus da ake rubuta musu 95 sannan a ƙara "min. 91". A gwajin da AAA ta yi a 2017 kan irin waɗannan motoci, babbar lamba ta rage shan mai da kusan kashi 2.7 cikin ɗari a tsakaice. Lissafin mai sauƙi ne: a ce litar 91 tana kan 100, ta 95 tana kan 108, ka biya ƙarin takwas don ka samu ragin da bai kai uku ba. Sai dai in za ka ja kaya ko ka yi doguwar tafiya cikin zafi. Idan kuwa murfin ya ce "required" ko "only", to umarni ne. Kwamfuta tana da iyakar jinkirin da za ta iya yi. Kuma sensa ba ta hana bugun farko, sai ya faru take ji. Duk ranar da zafi da kaya suka wuce iyakarta, dukan yana sauka a kan ƙarfe.

Ɓarnar tana da kamanni da duk makanikin da ya saba buɗe inji ya sani. Kan fistin yakan yi tsaga-tsaga kamar an watsa masa yashi da ƙarfi. Bakin da ke tsakanin ringi da ringi yakan tsage, mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi. Gaskit ɗin kan silinda yakan ƙone tsakanin silinda biyu. Farin tangaran ɗin fulogi yakan fashe, ko a ga ɗigo-ɗigon ƙarfe a jikinsa kamar an barbaɗa masoro. Sau da yawa a kan ɗora laifin a kan "injin ya tsufa", a sauke shi a sa wani na Beljiyam, a ci gaba da ba sabon irin man da ya kashe na farko.

Yanayinmu kuma ba ya taimakawa. Iska mai zafi tana ƙara wa inji buƙatar okten. Motar da za ta lallaɓa da 91 a sanyin Jamus, ba haka za ta yi ba a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki, ga cunkoso. Tudu kuwa yana sauƙaƙawa, don iska ta fi sirantaka a sama. Shi ya sa a jihohin tsaunuka na Amurka ake sayar da 85, kuma motar da ke ƙwanƙwasa a Legas tana iya yin shiru a Jos, wadda ke sama da teku da kusan mita 1,200.

Tunda a nan famfo ɗaya ne, zaɓen okten ana yin sa ne ranar sayen mota. Wannan ita ce shawarar da na fi so ta isa kunnen mai shirin saye. Kafin a duba fenti da kujeru da allon dashbod, a buɗe murfin tanki. Motar da za ta yi zirga-zirgar yau da kullum tsakanin Kano, Kaduna da Abuja, gara ta zama mai 87 na Amurka ko 91 na RON. Wanda ya ga "required" ya saya duk da haka, to kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ya shirya kula da ita fiye da sauran.

Kulawar ba ta da wuya, amma ba ta son sakaci. Kada a bar inji yana nishi a ƙaramin juyi da babbar giya. Taka totur har ƙasa injin yana juyi 1,500 shi ne yanayin da ƙwanƙwasa ta fi so, musamman a ƙananan injuna masu turbo da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda. A kan hawa a sauko giya ɗaya, juyin ya haura 2,500. Irin waɗannan injuna suna kuma buƙatar baƙin mai mai alamar API SP ko SN Plus a jikin galan, don an haɗa su ne musamman don rage kamawar wuta kafin lokaci. Lagireto ya sha ruwan sanyaya inji na gaskiya, ba ruwan rijiya ba, wanda ke tara ƙasa da tsatsa a hanyoyin ruwa har wasu sassan kan silinda su riƙa zafi fiye da kima. Fulogi ya zama mai lambar da kamfani ya rubuta, don wanda ya fi riƙe zafi yakan zama garwashi ya kunna mai da kansa. Baƙin gawayin da ke taruwa a kan fistin shi ma yana ƙara matsi yana riƙe zafi, shi ya sa tsohuwar mota ke iya fara ƙwanƙwasa da man da ta saba sha. A irin wannan hali a fara duba bawul ɗin EGR, mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji, ko ya toshe, da sensar iska, da ƙarfin famfon mai, kafin a zargi gidan mai.

Sensar ƙwanƙwasar kanta tana mutuwa. Idan fitilar inji ta kama aka sa na'ura ta nuna P0325 ko P0330, ita ce ko wayarta. A injin Toyota V6 mai suna 1MZ-FE, wanda ke cikin tsofaffin Camry, Sienna, Highlander da RX 300, sensocin biyu suna can ƙarƙashin manifol, wato bututun da ke raba iska ga silindoji, kuma zafi yana busar da wayar da ke haɗa su. In sun mutu kwamfuta takan ja taimin baya gaba ɗaya, mota ta yi sanyi, takan ma ƙi shiga giyar ƙarshe. Da yawa an sauke musu giyabos a kan wannan ba gaira ba dalili. Gyaran shi ne a cire manifol a canja sensocin biyu da wayarsu a lokaci guda. Dabarar da wasu ke yi ta ɗaure sensa a wani wuri na waje don fitila ta mutu, toshe kunnen inji ne, kuma a ƙasar da man ke bakin iyaka wannan ganganci ne babba.

Sai maganar 'yan kwalaben da ake sayarwa a shagunan kayan mota da sunan ƙara okten. A karanta jikinsu da kyau. Idan aka ce kwalba tana ƙara maki uku, galibi kashi uku bisa goma na lamba ɗaya ake nufi, wato 91 ya koma 91.3. Waɗanda ke ɗagawa sosai kuma yawanci da sinadarin ƙarfe suke yi, manganis ko baƙin ƙarfe, wanda ke barin jan ƙura kamar tsatsa a bakin fulogi, ya rufe sensar hayaƙi, ya toshe matatar hayaƙin da ke jikin salansa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. A ƙarshen 2023 direbobi a Gana sun yi ta kukan motoci na shaƙewa, fulogi na mutuwa da wuri, kuma hukumar man ƙasar ta danganta abin da yawan manganis a fetur. Jefa ƙwayar kafur a tanki da wasu ke yi shi ma ba abin yi ba ne, don in bai narke duka ba matatar mai da nozul yake toshewa. Haɗa fetur da fetur kuwa babu laifi: rabin tanki 91, rabi 95, yana ba da kusan 93.

Babban mai karya okten a wurinmu shi ne gauraye. Kananzir da man gas lambarsu ƙasa take ƙwarai, kaɗan daga cikinsu ya isa ya ja tanki guda ƙasa da 91. Man da ya daɗe a jarka cikin rana kuma sassansa masu saurin tashi sun gudu. Duk wanda larura ta kai shi wurin 'yan bumburutu, ya sayi iya abin da zai kai shi gidan mai, ya tafi a hankali ba tare da taka totur da ƙarfi ba, sannan ya cika tanki da mai kyau ya tsarma shi. A ɗaya gefen, abin da ya faru a Fabrairun 2022 ya nuna lamba kaɗai ba ta tabbatar da inganci. Fetur ɗin da aka shigo da shi daga Antwerp ta Beljiyam, wanda ya lalata motoci ya jawo dogayen layuka, yawan metanol ne matsalarsa, kuma metanol ɗaga okten yake yi.

Wanda ke da zaɓi biyu kuma yana shakka, ya gwada da lissafi. A cika tanki har famfo ya katse da kansa, a mayar da ma'aunin tafiya sifiri, a yi zirga-zirgar da aka saba, a dawo famfo ɗaya a sake cikawa. A raba kilomita da litar da ta shiga: 420 a raba da 40 ya ba da kilomita 10.5 a lita. A yi tanki uku da kowane iri, a watsar da sakamakon na farko don a gauraye yake kuma kwamfuta tana kan sabawa. In motar mil take ƙirgawa a ninka da 1.6. Jin cewa "ta fi tashi" ba hujja ba ce, don wanda ya biya ƙarin kuɗi ƙafarsa takan ƙara nauyi a kan totur.

Duk wannan nauyi ne a kan mai mota. Nauyin hukuma shi ne dalilin da ya sa na ɗauki batun a matsayin na jama'a. A zamanin tallafi, lokacin da gwamnati ke yanke farashi ɗaya ga ƙasa duka, ana iya fahimtar dalilin fetur iri ɗaya. Tun 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin, daga baya farashi ya koma hannun kasuwa, kuma tun Satumbar 2024 matatar Dangote da ke Lekki take fitar da fetur a cikin gida. Mutum yana biyan cikakken kuɗin kasuwa, amma bai san lambar abin da aka zuba masa ba. Mai sayen buhun taki yana ganin lambobinsa a jikin buhu. Mai sayen baƙin mai yana ganin nasa a jikin galan. Fetur da ya fi su cin aljihu shi ne ake saye a makance.

Na farko, ya kamata hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa don kula da wannan ɓangare, ta wajabta wa kowane gidan mai liƙa lambar RON a jikin famfo, da manyan lambobi da za a gani daga cikin mota. Kayan da ake saukewa a daffo ana gwada su tun kafin a loda tanka, don haka ba sabon aiki ba ne, fito da lambar ne daga takarda zuwa idon mai saye. Sannan a riƙa ɗibar samfur daga bakin famfo ba tare da sanarwa ba, a wallafa sakamako da sunan gidan man, don tsakanin daffo da famfo ne gauraye ke shiga.

Na biyu, a buɗe hanyar sayar da 95 a matsayin zaɓi, ko da a manyan birane da manyan hanyoyi ne da farko. Na san abin da za a ce: man masu kuɗi ne, talaka ta farashi yake. Amma motocin da ke shigowa yanzu ba irin na shekara ashirin da suka wuce ba ne. Kamfanoni sun koma ƙananan injuna masu turbo, kuma na kasuwar Turai a kan 95 aka tsara su. Su ne za su zama motocin hannu na biyu da malamin makaranta da ɗan kasuwa za su saya nan da 'yan shekaru. Tsoron da ya fi inganci shi ne kada a zuba 91 a sayar da shi da kuɗin 95. Saudiyya ta rage wannan da rina kowane iri da launinsa, yadda mai saye zai gane da ido. A yi haka a nan: launi daban, tankin ƙasa daban, bakin famfo daban, tare da iyaka mai tsauri a kan yawan manganis, don kada a kai lambar 95 da sinadarin da zai kashe fulogi da sensar hayaƙi.